Kowa Ya Buɗe Cikin Kwamfuta Ya Ɗauki Lamuni

Ina so yau in yi magana a kan wata mas'ala wadda ta shigo mana ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, watau gyaran kwamfutar cinya, wadda yara ke ce wa laftof. Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin allo da wannan? To, ruwansa shi ne, duk ranar da gyara ya ɓaci, husuma ta tashi tsakanin mai kaya da mai gyara, zauren malam ake zuwa neman sulhu. Wanda ake kawo wa ƙara kuwa wajibi ne ya san abin da ake ƙara a kansa.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wannan na'ura ta yawaita a hannun 'ya'yanmu. Daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta zalla, har ya zama yaron Dabawa ma ba shi da makawa sai ya koyi danna ta. Akwai uban da ya sayar da rago da buhunan masara ya saya wa ɗansa. Akwai ɗan kasuwan da ya juye lissafin bashinsa duka a cikinta. Akwai malamin da ya tara littattafai a ciki, har da hotunan kundin mahaifinsa. Mafi yawan waɗannan kwamfutoci kuwa na hannu ne. Sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka, suka sauka Ikko, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, suka iso Kano wajen Titin Beirut da Farm Centre, sa'an nan suka ƙaraso mana. Abin da ya sha irin wannan tafiya, ya kuma zo ya tarad da ƙurarmu da zafinmu, lalle wata rana sai an buɗe cikinsa.

Ra'ayina shi ne, gyaran kwamfuta ya fi zubad da ita, amma kada a kwance noti ko ɗaya sai an cika sharaɗi biyu: mai kwancewa ya san tartibin aikin, mai kaya kuma ya san abin da ke cikin kayansa. In ɗaya ya faɗi, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku sani, jama'a, kwamfuta gaɓoɓi ce aka harhaɗa, kowace gaɓa da aikinta. Akwai babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod, shi ne komai ke hawa kansa, shi ne kuma mafi tsada. Akwai ram, wadda misalinta kamar allon almajiri ne: a kanta ake rubuta darasin da ake kai, da an kashe wuta an wanke. Akwai rumbun ajiya, wanda misalinsa kamar gafaka ne, abin da aka sa a ciki yana nan ko da wuta ko babu. Akwai batir, da fanka mai fitar da zafi, da allon maɓallai, da fuskar gilashi, da wani ƙaramin batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe da agogo. Sau da yawa gaɓa ɗaya ce ke mutuwa, saura lafiyarsu ƙalau. Kwamfutar da ta yi nauyi, tana ja kamar jakin da aka labta wa kaya, sau da yawa ƙarin ram take bukata, ko a sauya mata tsohon rumbu mai juyawa da sabon nan marar juyi da ake rubuta wa SSD. Wadda ke ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta, galibi ƙura ce ta toshe mata hanyar iska. Mai zubad da kwamfuta saboda irin wannan, kamar mai jefad da riga ne don aljihu ya yage.

Amma fa gaɓoɓin nan ba kowace ke shiga gurbin kowace ba. Ram iri-iri ce. Wadda aka rubuta wa DDR3 haƙoranta 204, wadda aka rubuta wa DDR4 haƙoranta 260, kuma kowace da inda aka yi mata giɓi, don kada ta shiga ramin da ba nata ba. Rumbu ma haka: akwai mai faɗin inci biyu da rabi, akwai kuma siriri mai kama da tsinken cingam da ake rubuta wa M.2, wanda mafi yawansa faɗin milimita 22 ne, tsawon milimita 80. Wanda bai san wannan ba, in abu ya ƙi shiga sai ya danna da ƙarfi. Ƙa'idar wannan sana'a kuwa ita ce, duk abin da ya ƙi shiga ko ya ƙi fita cikin sauƙi, akwai abin da aka manta. A dakata a duba.

Yanzu ga tartibin, a taƙaice, don mai kaya ya gane ko wanda ke taɓa masa kaya ya san abin da yake yi. Mu da muka koyar da yara alwala mun san cewa aiki yana da abin da ake gabatarwa da abin da ake jinkirtawa.

Abu na farko tun kafin a ɗauki sukudireba ake yinsa, watau a kwafe abin da ke cikin rumbu a ajiye a wani wuri daban. Ƙarfe in ya lalace ana sayen wani, amma lissafin bashin shekara uku ko rubutun ɗalibi na ƙarshen karatu ba kasuwar da ake sayar da su. Wasu kwamfutoci kuma Windows ta kulle rumbunsu da wani kulli da ake kira BitLocker, mabuɗinsa lamba ce mai alƙaluma 48. In aka sauya babban allo alhali mai kaya bai adana lambar nan ba, ga rumbu lafiya lau, ga dukiyarsa a ciki, amma ba hanyar shiga.

Sa'an nan a kashe kwamfutar kashewa sosai, domin rufe murfi barci ne kawai take yi. A zare caja. In batirinta na waje ne a cire shi. In na ciki ne, kamar yadda mafi yawan na zamani suke, to, da zarar an ɗaga murfin ƙasa, abin da za a fara taɓawa shi ne a zare wayar batir daga babban allo. A danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Wanda ya tsallake wannan, noti ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan allo mai wuta, ya isa ya ƙone shi nan take. Nan ne gyaran kuɗi kaɗan ke komawa asarar kwamfuta ɗungurungum.

Akwai kuma wata wuta wadda ba a gani, ita ce ta jikin mutum. Kowa ya san yadda in hunturu ya kama, mutum ya tuɓe rigar sanyi da dare, yakan ji ƙas-ƙas, wani lokaci har ya ga ɗan walƙiya. Wannan wuta ce ta taru a jiki saboda bushewar iska da gogayyar tufafi. Mutum ba ya jin tartsatsinta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali kuwa wadda ba ta kai bolt 100 ba tana iya illata wasu ƙananan gaɓoɓin kwamfuta. Ashe ke nan mai gyara yana iya kashe ram da yatsansa bai ji komai ba, kuma wani lokaci illar ba ta bayyana sai bayan makonni. Mu da ke zaune inda hunturu ke busar da komai mun fi mutanen gaɓar teku bukatar kiyaye wannan. Maganinsa mai sauƙi ne. A yi aiki a kan tebur na katako, kada a yi a kan darduma ko bargo. Mai aiki ya ɗaura abin hannun nan mai waya da aka yi don haka, in babu ya riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya taɓa cikin na'ura. A riƙe ram da rumbu ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran nan masu ruwan zinariya.

Wajen kwancewa, noti-notin kwamfuta ba tsawonsu ɗaya ba. In aka ɗaura dogo a ramin gajere yana iya huda allo ko ya ɓullo ta sama. Don haka mai hankali yakan zana hoton bayan kwamfutar a takarda, ya ɗora kowane noti a inda ya fito. Ba a ɓamɓare murfi da wuƙa ko reza, da ɗan abin roba ake bi a hankali. Siraran wayoyin nan masu faɗi kamar ganyen kaba, waɗanda ke haɗa allon maɓallai da babban allo, kowace tana da ɗan sakata, sai an ɗaga shi take zarewa, in aka fizge ta yage. Ram kuwa ƙarafa biyu ke riƙe da ita a gefe, in aka buɗa su sai ta ɗago da kanta, a zare ta a karkace, a kuma mayar da sabuwa a karkace, a danna har a ji ta kama. In za a hure ƙura daga fanka a riƙe ta kada ta yi ta juyi. In aka ɗaga ƙarfen da ke janye zafi daga ƙwaƙwalwar na'ura, wajibi ne a goge tsohon man da ke tsakaninsu a shafa sabo, in ba haka ba zafin da aka zo magancewa sai ya ƙaru. Duk wannan a rubuce yake. Kamfanonin HP da Dell da Lenovo sun sa littattafan kwance yawancin kwamfutocinsu a intanet kyauta, da zane, noti bayan noti. Mai gyaran da bai taɓa duba littafin na'urar da ke gabansa ba, kamar mai ba da fatawa ne da ka.

Batir yana bukatar magana ta musamman, domin a nan abin ya wuce dukiya ya kai ga rai. In kun ga kwamfuta ta fara kumburi, murfinta ya ƙi zama daidai, ko wurin shafa yatsa ya ɗago, to batir ne ya kumbura. A daina yi mata caji nan take. Kada a danna shi, kada a lanƙwasa shi, kada a huda shi wai don iska ta fita, domin batirin litiyam in ya huje yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Cikin 2006 kamfanin Dell ya janye batir sama da miliyan huɗu, ƙirar kamfanin Sony, saboda tsoron gobara. In manyan kamfanoni sun ji tsoron abin da suka ƙera da hannunsu, ina ga wanda ke zaune a shago mai rufin kwano kusa da jarkar fetur ɗin janareta? Kuma kada a jefa mataccen batir a juji, inda yara ke tone-tone, ake kuma cinna wuta.

Wannan shi ne ɓangaren hannu. Saura ɓangaren amana, wanda a ganina ya fi nauyi.

Cikin kwamfuta ɗaki ne rufaffe, mai ita bai taɓa leƙawa ba. Ana iya kai ta da ram mai giga 8 ta dawo da mai giga 4. Ana iya cire batir mai rai a sa mai rabin rai. Ana iya sa tsohon rumbu a karɓi kuɗin sabo. Ban ce masu gyara duka haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, su ne ma suka fi cutuwa da wannan zargi. Amma duk inda aka bar ƙofa a buɗe ba mai tsaro, wata rana akuya za ta shiga. Haka kuma ta ɗaya gefen, akwai mai kayan da zai kawo kwamfutar da shayi ya zube a ciki, ya ɓoye, in ta mutu a hannun mai gyara ya ce shi ya kashe ta.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun daɗe da yin hukunci a kan irin wannan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar nan ya karanta, an tabbatar da cewa masu sana'a suna lamunin kayan da aka ba su suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Malamai sun bayyana cewa wannan ya shafi wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini da maƙeri, kuma lamunin yana faɗuwa in shaidu suka tabbatar kayan ya halaka ba da sakacinsa ba. Hikimar hukuncin ita ce kiyaye dukiyar mutane, tun da ba su da makawa sai sun ba da kayansu. Mai gyaran kwamfuta da ya buɗe shago ya kafa allo, a fahimtata, ya shiga wannan babi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ku lura da sharaɗin nan na keɓanta da kaya, domin a cikinsa mafita take. In an yi aikin a gaban mai kaya, nauyin da ke kan mai sana'a ya ragu, ba a kama shi sai da sakaci ko ƙetare iyaka. Don haka mai gyaran da ke jin haushi in an ce ya buɗe a gaban mai kaya, yana ganin an tuhume shi, bai gane ba ne cewa kariya aka kawo masa. Na san akwai gyaran da ba ya ƙarewa a zama ɗaya, sai kwamfuta ta kwana. To, a nan sai a koma ga alƙalami. A buɗe a gaban juna, a ɗauki hoton ram da rumbu da batir da lambobin da ke jikinsu, a rubuta a takarda abin da aka tarar da abin da za a sauya da kuɗinsa, kowa ya riƙe kwafi. In an gama a mayar wa mai kaya tsohuwar gaɓar da aka cire, domin tasa ce, sai in ya yafe ko an yi cinikinta. Ɗan kasuwan da ba ya ba da buhun gero bashi sai ya rubuta, me zai sa ya miƙa na'urar da ta fi buhuna da yawa tsada da baki kawai?

Na'urar ma da kanta tana ba da shaida. Windows tana nuna yawan ram da girman rumbu, a duba kafin a bayar, a duba bayan an karɓa. Rumbu yana riƙe da lissafin sa'o'in da ya yi yana aiki, batir kuma yana nuna abin da aka ƙera shi ya ɗauka da abin da ya rage masa. Wanda aka sayar wa tsoho da sunan sabo yana iya ganewa kafin ya bar shagon. Sa'an nan in matsalar ba ta shafi rumbu ba, kamar fashewar gilashi ko mutuwar maɓallai, ba dole ne a ba da kalmar sirri ba. A cikin rumbu akwai hotunan iyali da asirin ciniki, kuma mai gyaran da ya leƙa abin da ba a sa shi ba ya ci amana ko da bai ɗauki komai ba.

Wasu samari za su ce, ai mun kalli yadda ake yi a YouTube, ba mu bukatar kowa. Ban hana ku koyo ba, ina ma murna da shi. Sauya ram ko rumbu ko batirin waje abu ne da mai natsuwa zai iya yi a gida in ya bi tartibi. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kallo ba ya koya wa hannu nauyin da zai danna. A fara da matacciyar kwamfuta, a zauna gaban wanda ya iya, kamar yadda ba wanda ke fara karatu daga Muhtasar. Abin da ya shafi narka dalma a kan babban allo kuwa a bar wa masu shi.

Wasu kuma za su ce, ai zamani ya wuce gyara, kamfanoni ma liƙe komai suke yi. Akwai gaskiya a ciki. Tun 2012 kamfanin Apple ya fara fitar da MacBook Pro mai ram a liƙe jikin allo, wasu kamfanoni ma suka bi wannan hanya a siraran kwamfutocinsu. Irin waɗannan ba a ƙara musu ram, kuma ya kamata mai saye ya tambaya tun kafin ya biya. Haka nan Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka a yi lissafi kafin a zuba kuɗi masu yawa a kan wadda ta tsufa ƙwarai. Amma a can inda ake ƙera su ma mutane sun fara ƙin wannan hali. Daga farkon 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa kwamfutar cinya maki bisa goma da ke nuna sauƙin gyaranta. Cikin 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar batir wadda ta tanadi cewa daga 2027 batirin yawancin na'urorin hannu ya zama mai ciruwa da sauyuwa. In masu arziki suna neman haƙƙin gyara, mu da muke sayen abin da suka gama da shi mun fi su bukata.

Saboda haka ina kira ga masu gyara na Dutsin-Ma da Kurfi da Katsina su haɗa kai su mai da abubuwan nan al'adar sana'arsu: buɗewa a gaban mai kaya, takardar shaida, da mayar da tsohuwar gaɓa. Kada maigida ya bar yaron shago ya taɓa kayan mutane sai ya gwada shi ya yarda da hannunsa. 'Yan kasuwa masu sayar da na hannu su faɗi aibin da suka sani, domin ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Iyaye kuma, ranar da kuka saya wa yaro, ku sa a rubuta muku abin da ke cikinta, ku adana takardar tare da rasit. Malamai 'yan'uwana, in aka kawo muku irin wannan ƙara, ku fara tambaya: a gaban wa aka buɗe, kuma me aka rubuta?

Allah ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, ya tsare dukiyar masu dukiya, ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalam.